Rabin Cokali Don Amiru Ya Yi Barci

Sati uku da yin arba'in ɗin Mubina, tumatir ya faɗi warwas a kasuwa. Mijinta Badamasi, manomin rani a Kadawa, ya kai kwanduna kasuwar Kwanar Gafan ya dawo da su yadda ya tafi da su. Dabara ɗaya ta rage: a yanka, a shanya, a yi kauɗa kafin ya ruɓe. Aka jibge kwanduna a tsakar gida, har da tattasai da attaruhu, aka miƙa wa mata wuƙaƙe.

Matan gidan uku ne: surukarta Iyatu, wadda hannunta ke rawa saboda tsufa, da facalarta Murja, sai ita Mubina mai ɗanyen goyo. Jaririnta Amiru kuwa ina ruwansa da kasuwa? Shi dai nono, kuma ba ya haɗa awa biyu bai nema ba. Duk kukan da zai yi sai ta ajiye wuƙa, ta wanke hannu da sabulu har sau biyu saboda yajin attaruhu, ta zauna shayarwa tana kallon ƙudaje na bin kwanduna.

Ta gwada goya shi tana yanka, yaji ya sa shi tari. Ta roƙi Badamasi ya bar ta ta je gidansu a Bunkure ko na sati ɗaya.

"Ki tafi ki bar wa wa?" in ji shi. "Abincinmu na shekara ne a kwandunan nan, Mubina."

Iyatu ta ɗora da nata: "Mu da goyo muka yi casa, ba mu mutu ba."

Gaba kura, baya sayaki. In ta zauna da ɗa, abincin gida ya ruɓe. In ta zauna da wuƙa, ɗa ya shiɗe da kuka.

Murja ce ta ji tausayinta, kuma wallahi da zuciya ɗaya ta yi. Ta kira ta ɗaki ta miƙa mata wata 'yar kwalba.

"Maganin mura ne, a kemis ake sayarwa. Rabin cokalin shayi, ki ga ikon Allah."

"Yaya, ai ba mura yake yi ba."

"Ke dai ba shi. Da shi na raini nawa guda huɗu, ga su nan suna tsalle."

Ta ba shi. Amiru ya kwanta tun hantsi bai motsa ba sai la'asar. Ranar kwando biyar Mubina ta yanka. Iyatu ta yi ta sa albarka, tana cewa yaro ya yi hankali. Hankali, a wata biyu!

Haka aka yi sati biyu. Yaron da ke kama nono da ƙarfi ya koma tsotsa uku, huɗu, sai barci. Tsummansa kan wuni a bushe. Cinyoyin nan masu ninki suka saki, maɗigarsa ta faɗa. Kada a ce Mubina ba ta gani ba. Ta gani, hankalinta kuma ya tashi, har wata rana ta ɓoye kwalbar ta ce ta daina. Ranar ce kuma aka shigo da sabon ɗiba, kwando goma sha biyu, yaro na wani siririn kuka, kowa na kallonta. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalbar tana hawaye.

Rabin cokali ya daina riƙe shi, ta koma cokali guda. Ranar wata Alhamis, da ya ƙi kwanciya, ta ƙara masa na biyu, tana ce wa ranta yau kaɗai ne, gobe an gama.

An gama ɗin kuwa. Bayan azahar ta share tsakar gida, ta wanke hannu, ta shiga da murnarta don yau za ta shayar da shi ya ƙoshi. Ta ɗaga shi, kansa ya langaɓe. Leɓensa ya yi duhu, numfashinsa sai an kasa kunne.

Badamasi ya ɗauke su a babur zuwa asibiti. Nas ta ɗora yaron a sikeli, ta duba katinsa, ta sake duba sikelin.

"Baiwar Allah, yaron nan ya kusa wata uku, amma nauyinsa na ranar suna ne. Sau nawa yake shan nono a yini?"

"Uku. Wani lokacin biyu."

"Me kike ba shi?"

Mubina ta kwance bakin zane ta fito da kwalbar. Nas ta karɓa ta duba, sannan ta ce a hankali, "Yunwa ce ke tayar da jariri ya sha nono ya rayu. Wannan abin ya hana shi tashi, yana barci yana ƙarewa."

Ma'aikatan asibitin sun yi iya ƙoƙarinsu. Kafin magariba Amiru ya cika.

Washegari ana zaman makoki, nono ya kawo wa Mubina har ya jiƙa mata riga. Mata suka ce ta shiga ɗaki ta tatse ta zubar. Ta shiga, ta rufe ƙofa, aka daɗe ana jin kukanta.

Jama'a, jariri a watannin farko yana buƙatar nono aƙalla sau takwas tsakanin dare da rana, kuma dogon barcin da ke hana shi tsotso alamar haɗari ce. Kada a ba shi kowane magani sai da izinin ma'aikacin lafiya. Ku kuma magidanta da surukai, ku sauke wa mai shayarwa aiki, don babu amfanin gonar da ya kai ran ɗa.