Igwar Pak Wongso

Sau uku ana ɗora igwar tare da garkuwarta a kan jirgin, sau uku goshinsa yana nutsewa cikin ruwa. Pak Wongso, tsohon injiniyan tashar jiragen ruwa ta Tegal, ya faɗa wa Kyaftin Darmaji gaskiya: jirgin kamun kifi ne, ko dai ya ɗauki igwa, ko ya ɗauki garkuwar ƙarfen da ke kare mai harbi. Duka biyun sun fi ƙarfinsa.

Kyaftin kuwa bai iya jin a'a ba. Ya riga ya binne maharba biyu da suka tsaya bayan igwa ba kariya, ga shinkafar da mutanen tsibiri ke jira jibge a tasha, jiragen abokan gaba sun tare hanya. Ya ce duka biyun yake so, nan da kwana biyar.

"To, ranka ya daɗe," in ji tsohon. "Teku dai ba ta cikin sojojinka, amma zan roƙe ta."

Rana ta biyar Kyaftin ya zo ya tarar da garkuwa mai kaurin yatsu biyu, ga doguwar igwa tana ƙamshin sabon fenti, jirgi kuma yana zaune daram a kan ruwa. Ya kaɗa kai. Dama ya sha faɗa cewa injiniyoyi tsawa kawai suke bukata. Tsohon ya roƙa kada a yi gwajin harbi, harsasai sun yi ƙaranci, kuma a riƙa rufe igwar da tamfol saboda gishiri. Saje Kusno, wanda ya rantse ba zai ƙara kusantar igwa ba, shi ya nemi a bar masa ita, ba ya yarda kowa ya taɓa. Wannan ma Kyaftin ya ɗauka jawabinsa ne ya yi aiki.

Aka loda shinkafa suka kama hanya, da hantsi suka yi kiciɓis da jirgin abokan gaba. Harsasai suka dinga sauka a kan garkuwar kamar ruwan sama a kan kwano. Kyaftin ya ba da umarnin harbi har muryarsa ta dishe.

"Bari su matso tukuna, ranka ya daɗe," in ji Kusno, yana juya bakin igwar a hankali har ya saita su.

Ba su matso ba. Da suka ga tsawon abin da ke kallonsu, suka juya suka ƙara wuta. Shinkafa ta isa, Kusno ko ƙwarzane bai yi ba.

Kyaftin ya aika wa manya rahoto mai shafi huɗu, uku a kan basirarsa. Sannan ya kira tsohon ya ce irin igwar nan guda biyar yake so.

"Wannan mai sauƙi ne," in ji Pak Wongso. "Igwar ainihin tana ajiye a rumfa. Kututturen kwakwa kuwa ba ya ƙarewa a Tegal, sai dai a shafa wa na kan jirgin mai, gara ta fara cin bakinsa."