Ƙafar 'Yar Mai Ƙunshi

Kubura, kin ce jiya da 'yarki Zinatu ta cire takalmi kika ga yatsunta, sai da kika juya baya kika share hawaye. Na sani. Haka na yi ranar da 'yata Mansura ta fara dawowa hutu daga makarantarsu ta rawar nan a Legas, wadda suke ce wa bale, inda ake koya wa yara tsayuwa a kan tsinin yatsun ƙafa. Har yau in waya ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Ni karatuna bai yi nisa ba, ban san dokokin rawarsu ba. Amma kafin ki ɗora ruwan zafin nan da kika ce za ki jiƙa mata ƙafa, tsaya in ba ki wani misali da na taso na gani a garinmu.

A da, akwai wata mai ƙunshi a unguwarmu. Duk amaryar da za a kai ɗaki sai ta bi ta hannunta. Ta jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ta goge kaushi da dutse, ta shafa man kaɗe, sannan ta ɗaura lalle. 'Yarta guda ce tak, kuma tun tana rarrafe in ta ji mata suna lugude sai ta dafa turmi ta miƙe tana girgiza. Da ta tasa, 'yan koroso na garin da ke gaba da mu suka zo roƙo a ba su ita su koya mata. An kai ruwa rana kafin uwar ta yarda. Ita ta ɗaure mata kayanta a zane, ta raka ta har bakin rafi, ta tsaya tana kallo har kan yarinyar ya ɓace a cikin dawa. Daga nan sai labari. Wani ya ce ya gan ta tana tsalle a kan tsakuwa ba takalmi, wani ya ce ta rame. Uwar tana yi wa 'ya'yan mutane ado, hankalinta yana can.

Sai ga albishir, an zaɓi yarinyar ita za ta buɗe fili ranar kalankuwa, bikin da muke yi bayan an gama girbi. Wayyo, kalankuwar wancan zamani. Ƙanshin sabon gero, 'yammata da tsintsiyar hannu, ƙarar akayau a ƙafafun masu rawa tun daga nesa kina ji. Filin yanzu duk shaguna ne. To, ana saura 'yan kwanaki aka sallame ta ta zo gida ta huta. Tana miƙe ƙafa a tabarma uwar ta gani: tafin ya yi kanta, baƙi, tauri kamar bayan kunkuru. Sai ta tashi ta hura wuta. Yarinyar ta ce, “Inna, ki bar shi, da shi nake rawa.” Uwar ta ce, “Yi min shiru. 'Yar mai ƙunshi ta fita gaban jama'a da ƙafar jaki? Me za a ce da ni?” Yarinyar kuwa ta daɗe ba ta ji hannun uwa a jikinta ba, sai ta yi lamo. Aka jiƙa, aka goge, aka sake jiƙawa, aka sake gogewa, har kantar nan da ta sha rani da damina tana tarawa ta bi ruwan kwano aka watsar a bayan ɗaki. Ƙafa ta fito sumul, lalle ya kama jawur. Maƙwabta suka yi ta leƙowa suna sa albarka.

Ranar biki rana ta take, ƙasa ta ɗau zafi. Aka buga ganga, yarinya ta shigo, kowa ya bi ƙafar da kallo. Zagayen farko lafiya. Kafin a juya kiɗa tafin ya tashi, ya fashe, sawunta ya fara barin ja a ƙasa, kuma ba na lalle ba ne. Ta cije ta ƙara taku, ƙafa ta ƙi. A hannu aka fitar da ita, wata yarinya ta shiga ta gama rawar. Shugaban 'yan rawan, wani dattijo marar yawan magana, ya tsuguna ya duba tafin, ya ɗago ya ce, “Aiki ya yi kyau, Inna. Sai dai ƙafar amarya kika yi mata.” Sai da wata kaka ta zagayo kafin kantar ta dawo, kuma a shekarar ba ita aka zaɓa ba. Ta ci gaba da rawa, ta yi suna daidai gwargwado, amma ba ta ƙara buɗe filin garinmu ba. Na sha ganin tsohuwar nan daga baya, in 'yar ta zo gida ta miƙe ƙafa, sai ta ɗauki ƙafar ta ɗora a cinya ta riƙe kawai, dutsen gugar kaushin yana can kan taga.

Don haka, Kubura, ki wanke mata inda ya fashe, ki sa magani, ki dafa mata abin da take so. Kantar kuwa ki bar mata abinta, da wuya ta same ta. Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake yi duk hutun da Mansura ta zo, sai in tuna da abin da magabata suka ce: garin neman gira akan rasa ido.