Injin da Ke Kiran Kifi

A tsibirin Faial mace ba ta buƙatar leƙawa don ta san wanda ya dawo daga teku. Kowacce ta san kukan injin gidansu, tun jirgi bai zagayo bangon tashar jiragen ruwa ba take ɗora tukunya. Haka Odília ta tashi. Injin yayanta Tomé tsohon dizal ne mai kaurin murya, kuma yana da wani ɗan tari. Zai yi ta gurnani, sai ya sarƙe kamar dattijo na gyaran murya, sannan ya ci gaba.

Makanikai sun sha cewa ya kawo su gyara, ya hana. A cewarsa tarin nan ne ke kiran marlin, ƙaton kifin nan mai baki kamar mashi, wanda baƙi masu hali ke tsallako teku don su kama shi da ƙugiya. Wai kifin yana jiyo gurnanin daga can ƙasa, ya ɗauka garken ƙananan kifaye ne, ya taso. Ko gaskiya ne ko camfi, jirgin Tomé dai baƙin suke nema.

Mijin Odília, Belmiro, sababbin injinan fetur biyu ne rataye a bayan jirginsa. Gudu kamar me, amma sai ya wuni yana jan ƙugiya a banza.

"Suruki, sauro biyu ka ɗaura wa jirgi," in ji Tomé wata rana a shagon kofi. "Wane kifin kirki ne zai amsa kiran sauro?"

Kowa ya yi dariya, har da Belmiro. Odília ce kaɗai ta lura bai shanye kofinsa ba.

Bara, kakar kifi na gab da ƙarewa, Tomé ya fita shi kaɗai, bai dawo ba. Teku kuwa a ranar kwance take lumui. Ba a ga katako ba, ba a ga tabon mai a kan ruwa ba. Duk jiragen garin suka fita nema. Belmiro ne ya fi kowa daɗewa, har can bayan tsibirin Pico, inda kakansa ya bar wata tsohuwar rumfar da ake jan jirage ciki a gyara. Ya dawo tafin hannu a tsattsage, baƙin mai har gwiwar hannu. Odília ta wanke rigarsa tana kuka, tana gode masa a zuci.

Aka yi addu'a a coci ba gawa. Mahaifiyar su Odília, Dona Alzira, wadda idonta ya kusa rufewa, ta dawo gidan Odília da zama. Odília ta mayar da teburin kwaɓin burodi gindin tagar da ke kallon tasha.

Belmiro ya ce in kaka mai zuwa ma kifi bai taso ba, zai sayar da jirgi su tafi Kanada wurin ƙanensa. Tsohuwa ba za ta iya tafiyar ba, kowa ya sani. Odília ba mai musu ba ce. Amma in ta tafi, wa zai kula da Mama, wa kuma zai tsaya a tagar?

Duk lokacin sanyi a rumfar Pico Belmiro ya yi shi. Ya ce ya sayo wani tsohon inji a hannun ɗan gwangwan daga babban yankin ƙasar, can hayin teku.

"Shawarar marigayi na bi," in ji shi.

Odília ta sunkuyar da kai. Ba wanda ya taɓa kiran Tomé haka a gidan sai ranar.

Kaka ta kama, kifi ya taso. Baƙin da ke neman Tomé a da suka koma neman Belmiro. Sai dai a Pico yake ɗaure jirgin, wai ya fi kusa da inda kifi yake, ya riƙa dawowa gida a jirgin fito. Da Odília ta ce tana so ta je ta gani, sai ya shafa kanta.

"Me za ki gani? Ƙarfe ne da hayaƙi. Zauna da Mama."

A kasuwa ta haɗu da Kawu Amândio, wanda ya tsufa yana yi wa Tomé aiki a jirgi. Ya ce ya je neman aiki wurin mijinta, an ce masa babu, alhali an ɗauko ma'aikata daga wani tsibiri.

"Ko ƙafata bai bari ta taka jirgin ba, 'yata. Wataƙila warin tsufa nake."

Maganar Kanada ta mutu. Odília ta kunna kyandir a coci don godiya.

Wata rana da tsakar rana iska ta juya. Sama ta yi duhu, igiyar ruwa ta toshe bakin ƙaramar tashar Pico, rediyo ya ce duk jirgin da ke waje ya gudo Horta, tashar garinsu. Odília na kwaɓa burodin masara, ta ba taga baya, sai tsohuwa ta ɗaga kai.

"Odília, ɗora miya. Yayanki ya dawo."

"Iska ce, Mama."

"Ni zan ɓata muryar ɗana?"

Sai ita ma ta ji. Gurnani mai kauri a ƙarƙashin iska, sarƙewa, gyaran murya, gurnani kuma. Kafin ta ankara ta sauko da kwanon Tomé daga kanta ta ajiye a kan tebur. Ta juya, ta dafa gilashin tagar da hannu duk gari.

Jirgi ɗaya ne tak ke zagayo bangon tasha, yana tarin da ta sani tun tana yarinya, Belmiro na riƙe da sitiyari.