Kafinta da Motar Bayan Kwari

Akwai wani kafinta da Allah ya hore masa ya kammala ɗan gininsa a bayan gari, ya kwashe iyalinsa daga tsohuwar unguwarsu suka tare. Gida ya yi kyau, iska ta ko'ina, sai dai abu ɗaya ya tsaya masa a wuya, wato makarantar 'yarsa da ke aji huɗu a firamare. A da, motar makaranta har ƙofar gida take zuwa ɗaukarta. Yanzu kuwa da ya je ofishin makarantar ya faɗi sunan sabuwar unguwar, sai aka girgiza masa kai, aka ce motocinsu ba sa shiga can. Dole ta sa ya koma ɗora yarinyar a babur kowace safiya su ratsa cunkoson gari, ta isa an daɗe da shiga aji, shi kuma ya isa shago masu kawo aiki sun gaji da jira sun tafi. Har shugabar makaranta ta kira shi ta ce ko dai a samo wa yarinya mota, ko a mayar da ita wata makaranta kusa da gida. Ranar da yarinyar ta ji wannan magana ko tuwo ba ta taɓa ba, domin a ajin nan ƙawayenta suke, da malamar da ta koya mata karatu. Abin ya dami uban ƙwarai.

Nema kam ya nema, kada a ɗauki alhakinsa. Amma a ina yake neman? Can inda ya baro. Mutumin nan kayansa ne kawai suka tare, shi bai tare ba. Da ya tashi daga shago sai majalisarsu ta tsohuwar unguwa, a can zai baje matsalarsa, abokai su yi ta zuba masa shawara a kan unguwar da ko hanyarta ba su sani ba. Wannan ya ce a nemi mai adaidaita, wancan ya ce ƙanin matarsa yana da bas. Duk aka bi, ba a dace ba. Sababbin maƙwabtansa kuwa sai dai ɗaga hannu daga kan babur, babu gidan da ya taɓa yin sallama ya ce ga shi ya zo.

To, akwai wani abu da ke ɗaure masa kai kullum in ya fito da babur. Sai ya ga ayarin yara cikin kayan makaranta kala-kala, babba ɗaya a gabansu, sun miƙe gabas. Makarantu kuwa duk suna yamma, cikin gari, a gabas babu komai sai kwari da gonakin dawa. Kuma mai jagorar ba mutum ɗaya ba ne. Yau dattijo da carbi, gobe mace da goyo, jibi wani da farar rigar asibiti. Ya yi ta saƙa da warwara. Wata makaranta ce aka ɓoye a cikin dawar? Ko motsa jiki ake kai su? Ya so ya tambaya, kunya ta hana shi, don bakin da bai yi gaisuwa ba nauyin tambaya yake ji. Sai wata safiya ya hango koren yadi irin na makarantar 'yarsa sak a jikin yara biyu cikin ayarin. Nan haƙurinsa ya ƙare. Ya kafe babur, ya kama hannun yarinya, suka bi bayansu.

Hanya ta kai su bakin kwari, inda mutanen unguwa suka shimfiɗa katakai suka yi 'yar gada. Suna haurawa ɗaya gefen sai ga kwalta, sabon titin da ya zagaye gari, motocin makarantu suna tsayawa bi da bi a gindin wata tsamiya. Ashe tun kafin ya haƙa harsashin gidansa iyayen unguwar suka daidaita a tsakaninsu. Tunda mota ba ta iya ƙetare kwari, kowane gida ya ɗauki rana guda, ya tattara yaran kowa ya ƙetarar da su, in an tashi kuma ya taro su. Matar da ke jagora a ranar ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, ashe kai ne mai sabon gidan nan? Mu dai muna jin ƙarar ƙofa, ba ma ganin mutum, har mun fara cewa ko mutanen ɓoye ne suka tare." Kafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, Hajiya, a yi haƙuri. Da me ake shiga wannan tsari?" Ta ce, "Da ƙafa. Ga Laraba nan ba ta da mai ita."

Ba ta rufe baki ba motar makarantar 'yarsa ta tsaya. Yarinya ta saki hannunsa ta haye da gudu, ta sami wuri kusa da taga, tana ta dariya. Shi kuwa ya tsaya a gindin tsamiyar, murna da kunya sun haɗe masa. Saura ƙiris ya raba 'yarsa da ajinta, alhali motar tana wucewa kullum a bayan katangarsa, nisan jifa. Da Laraba ta zo, shi ne a gaban ayari, yana tambayar yaran sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya.

Gaskiyar Bahaushe da ya ce, da ɗan gari akan ci gari.