Rigimar Benci

Fankar rufin Majalisa tana ta juyi, iskar zafi kawai take kaɗawa, kuma har yanzu ana kan maganar benci.

Mako ya zagayo, wani ya bi bayansa. Wai majalisa ta farko ke nan da mutanen tsibirin Silon suka zaɓa da hannunsu, wadda aka yi ta kaɗa ganga dominta, ga ta ta maƙale a kan katako. Wani tsohon malamin makaranta mai suna Kandaiya, wakili daga arewa, shi ya kawo ƙudurin: 'ya'yan masu wanki da makaɗa da masu hawan kwakwa su daina zaman ƙasa a aji, su hau benci tare da 'ya'yan masu asali. Turawan gwamnati suka naɗe hannu, suka ce rigimar gida ce. Wakilai suka rabu biyu cif. Mutum ɗaya ne bai faɗi inda ya dosa ba, gobe kuma za a ɗaga hannu.

Mutumin shi ne Lauya Darmabandu, wakilin wata gunduma ta kan tudu. A Landan ya yi karatu. Kwat ɗinsa fari fat, bai taɓa yarda wani ya goge masa ba. Yana da 'yan ɗabi'unsa: ga tebur a gabansa, amma a kan gwiwa yake ɗora takarda ya yi rubutu. In an shiga ɗakin shan shayi, kowa ya zauna, shi yana tsaye. In an tambaye shi garinsu sai ya ce, "Can kudu, bakin teku," ya jawo wata hira. Abokai suna tsokanarsa, wai Landan ce ta ɓata shi.

Ya gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Da aka tashi, Kandaiya ya tare shi a ƙofa.

"Lauya, yaran nan fa a ƙasa suke, ga damina ta kawo kai."

"Ina nazari, Malam."

"Nazari! To, a yi nazari lafiya."

Kujerar Darmabandu ta Majalisa kuwa kowa ya san hannun da ya ba shi. Shi baƙo ne a gundumar. Tsohon hakimi Medagama, wanda ake kira Nilame, shi ya bi ƙauyuka ya ce wa masu noma gonakinsa, akwatin rawaya, na Lauya, za ku jefa wa ƙuri'a. Suka jefa a rawaya. Bakin da ya ce rawaya bana, baɗi yana iya cewa kore.

Da la'asar hakimin ya aiko a kira shi gidansa na Kolombo.

Baranda ce irin ta manyan gidajen ƙasar. Kujeru masu hannu a jere, ta baƙo an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Can gefen matattakala ga 'yar tsugunno, guntun kututturen da mai wanki ko makaɗi ke raɓawa a kai in ya zo karɓar umarni. Babu gidan mai asali da ba ta. Wakilan ɓangaren hakimi sun riga sun baje, suna taunar wani ganye da ake ci kamar goro, suna tofar da jan yawu. Darmabandu ya tsaya jikin kujerar baƙo, ya murza bakin ƙyallen a yatsunsa. Sitati ya yi masa yawa, ya faɗa a ransa.

"Lauya, ni ban iya Turanci ba, gajeren zance na iya," in ji hakimin. "Yau benci, gobe rijiya, jibi su ce 'ya'yanmu suke so. Jikana ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan wanda ke wanke dattin gidana? Haba! Ai su kansu ba sa so. Ka ba mai wanki kujera ka gani, ƙafarsa ce za ta kai shi ƙasa."

Aka kwashe da dariya. Tsohon ya ci gaba, ya kawo kakanni, ya kawo gonaki, ya kawo zaɓe mai zuwa, ya sake komawa kan kakanni. Darmabandu yana tsaye. Tun safe bai sa komai a cikinsa ba. So yake kawai a ƙare.

"Na ji, Nilame," ya ce a ƙarshe. "Yadda ka ce haka za a yi."

"Yawwa, ɗan halak! To zauna mana, ka tsaya mini a ka kamar turken fitila. A kawo shayi!"

Hankalinsa yana can wajen yara da damina. Ya ja da baya, ya tattara ƙafar wando, ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya. Rabon da zama ya yi masa daɗi haka har ya manta.

Sai ya lura masu tauna sun daina tauna. Ya ɗaga kai, dole ya ɗaga, don fuskokin duk suna sama da shi. Farin ƙyallen yana can a kan kujera, ko lanƙwasa babu. Shi kuwa a kan 'yar tsugunno yake.

Da ya zabura ya yi dariya ya ce jiri ne ya ɗebe shi, wataƙila da ta wuce. Ya nemi ƙarfin yin hakan a jikinsa, bai samu ba.

"Nilame," ya ce daga nan ƙasa, "na janye maganata. Gobe benci zan ɗaga wa hannu. Rawayar kuma ka ba wanda ka ga dama."

Tsohon ya zuba masa ido. "Kai... ɗan wane ne?"

Landan ta ba Darmabandu Turanci, wani limamin coci ya ba shi sabon suna, amma ƙafafun nan na Setuwa ne, sunansa na haihuwa, ɗan mai wanki, wanda ya koyi baƙi da wasali a ƙasan aji, allo a kan gwiwa.