Karfasar Tafki da Karfasar Kogi

Zauna, Tanimu, ka daina duba agogo. Ka ce ba komai don shekaru sun ja ba ka kai yaranka gidan yayanka ba, wai jini ɗaya ne, duk ranar da aka haɗu za a gane juna. To, buɗe kunnenka.

An yi wani sarkin ruwa a wani ƙauye mai tafki a bayan gari. Asali tafkin nan hannun kogi ne, duk damina ruwa kan cika wani ɗan mashigi, kifi ya shiga ya fita yadda ya ga dama. Sai kakannin kakanninsa, tun zamanin da ba wanda zai iya tunawa, suka ji ƙyashin kifinsu yana faɗawa komar mutanen ƙetare, suka toshe mashigin da ƙasa da duwatsu. Rowa ce tsagwaronta, ba wata dabara ba. Karfasar da aka kulle ta ci gaba da hayayyafa a ruwa mai duhu, ƙarƙashin ganyen bado. Mai hasken jiki, zalɓe ya hango ta ya cafke. Mai duhu ta tsira ta bar 'ya'ya, 'ya'yan ma haka, har karfasar tafki ta koma baƙa, gajera, namijinta da jan maƙogwaro. Ta kogi kuwa tana can kan rairayi, fara sol kamar yadda aka bar ta.

Wata shekara aka yi fari, ruwa ya ja baya, yunwa ta sa kowa ya faɗa tafki da koma. Mazan karfasa su ne ke fitowa bakin gaɓa su haƙa ramin ƙwai, don haka su aka fi kwashewa. Da sarkin ruwa ya farga, mata ne birjik, cikinsu fam da ƙwai, namiji ko na magani babu. Hankalinsa ya tashi, domin in ƙwan nan ya lalace, abincin garin ya ƙare ke nan. Ya hana kamun kifi. Mutane suka yi masa caa, ga yara na kuka, ga kifi ana gani da ido. Ya ce su yi haƙuri, karfasa ai karfasa ce, zai kawo maza daga kogi. Ya ɗora tuluna a kan jaki, ya yi ta jigila cikin zafin bazara yana juyewa a tafki.

Kullum da safe sai ya tsuguna a gaɓa ya zuba ido. Mazan kogi suka haƙa ramukansu a sarari, inda rana ke dukan yashi, suna ta kewayawa suna baje ƙaya. Matan tafki su zo su wuce, ko kallo ba su ishe su ba, jan maƙogwaro suke nema. Ruwa na raguwa, laka na tsagewa tana bin sa a baya, zalɓe sun yi layi suna jira. Mutanen gari kuma sun daina gaishe da sarkin ruwa. 'Yan kaɗan daga matan tafki da suka yarda da baƙin, 'ya'yansu suka fito ruwa biyu, ba duhun ɓuya, ba saurin gudu, ba su kai ko'ina ba. Sauran suka zubar da ƙwansu a taɓo ya ruɓe. Da abin ya ishe shi, ya ɗauki galma da kansa ya fasa toshiyar kakanninsa. Ruwan sama ya sauka, kogi ya shigo, fara da baƙa suka yi iyo kafaɗa da kafaɗa a ruwa ɗaya, amma kowace ta zama iri dabam. Baƙaƙen suka tsufa ɗaya bayan ɗaya, suka ƙare ba magaji.

Abin da ke ba ni tsoro, Tanimu, ba faɗa suka yi ba. Ba ranar da za ka nuna ka ce yau ce suka rabu. Hanya kawai aka rufe, kowa ya bi halin ruwan da ya samu kansa. Ran nan ɗanka ya wuce ɗan yayanka a tasha, kafaɗarsu ta gogi juna, ko sannu babu, ina tsaye ina kallo. Tashi ka fasa taka toshiyar tun ƙwai bai ruɓe ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce zumunta a ƙafa take.