Mutum na Ɗari da Sha Huɗu

Tunda ka ce kai ma ba ka nuna wa kowa aikinka sai ka gama, bari in ba ka misalin wani farfesan tarihi. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa a jami'a, kuma darasin da yake fara yi wa kowane sabon aji ɗaya ne: labarin da ba a san wanda ya ba da shi ba, da garin da ya ba da shi, ba tarihi ba ne, hirar bakin kasuwa ce. Ya kayar da ɗalibai da dama a kan wannan, ba a kuma ji ya yi nadama ba. Duk hutu sai ya rataya jaka ya shiga ƙauyuka neman tsofaffin fatake, irin waɗanda suka kora jakuna har Gwanja sayen goro. Ya zauna a buzunsu, ya sha furarsu, ya jure tarinsu da maimaicinsu, ya rubuta. Mutum ɗari uku da 'yan kai ya ji daga bakinsu kafin ƙasa ta rufe musu ido.

To amma tun yana ƙaramin malami, wani na gaba da shi ya ari littafin bayanansa na mako guda, bayan shekara abin ya fito a mujalla da sunan mai aron. An dai gode masa, a ƙasan shafi, da ƙananan baƙaƙe. Daga ranar ya daina rubuta suna. Kowane tsoho ya ba shi lamba, kowane gari lamba, har zango da rafi da madugu. Sai ka ga shafi yana cewa ɗari da sha huɗu ya ce sun tashi daga tara, sun yada zango a talatin da ɗaya, a can sittin da biyu ya rasu. Bayanin wane ne wane kuwa bai sa shi a takarda ba, don takarda ana aronta. A kansa ya ajiye, kuma kan na kirki ne, ba ya tuntuɓe. Ɗalibansa na digiri na uku sun roƙe shi ya zauna da su ko wata guda ne a rubuta sunayen. Ya ce, "In littafina ya fito kwa gani." Littafin ya yi shekara ashirin yana gab da fitowa. A tsakani an ba shi shugabancin sashe, an sa shi a kwamitin gidajen ma'aikata, sannan a kwamitin da ke binciken wancan kwamitin.

Da ya yi ritaya ya miƙa wa jami'a littattafan bayanansa, kwali arba'in da bakwai. Aka yi taro, aka yi jawabai, aka ci shinkafa. Jami'ar kuwa, saɓanin yadda aka saba, ta riƙe amana: ɗaki mai sanyi, kantoci na ƙarfe, ba yoyo, ba ɓera. Bayan shekara shida aka ɗora wa wata ma'aikaciyar ɗakin adana takardu aikin tsara su. Ta buɗe kwali uku, ta rufe, ta ɗauki littafi guda ta nufi gidansa bayan la'asar.

Ta gaishe shi, ta ce, "Baba, wane ne ɗari da sha huɗu? Ya fi kowa magana, littafi shida nasa ne."

Ya karɓa ya duba. Rubutunsa ne, ya gane shi sarai. Yana karantawa mutumin ya dawo masa: farcen babban yatsansa a tsage, yana magana yana kaɗa ƙuda da hularsa, ga dariyar nan tasa mai ƙarewa da tari. Farfesa ya buɗe baki zai faɗi sunan, irin yadda mutum ke sa hannu a aljihun da ya san ya ajiye makulli. Sunan bai zo ba.

Can ya ce, "Wani dogo ne."

"Wane gari, Baba?"

"Akwai tsamiya a ƙofar gidan."

Ta rubuta tsamiya, don ladabi. Su biyun sun san ƙasar nan ba ta ƙarancin tsamiya.

Sau bakwai tana dawowa. Suka samu suna goma sha ɗaya, huɗu daga ciki ya canza su a zuwa na gaba, ɗaya kuma daga baya aka gane sunan surukinsa ne. Ran zuwanta na ƙarshe ya raka ta har bakin ƙofa, ya ce, "'Yata, tsofaffin nan sun ba ni labarinsu ne don kada ya ɓace." Ta ce Allah ya ƙara lafiya. Lafiyar kuwa yana da ita: yana ci, yana zuwa masallaci da ƙafarsa, yana tuna fuska ɗari uku ɗaya bayan ɗaya.

Kwalayen suna nan har gobe, tsaf, ko kusurwar shafi ba ta lanƙwashe ba. Masu bincike kan zo daga nesa, su karanta shafi biyu, su yi godiya su tafi. Ba wanda ya sake satar masa ko layi ɗaya. Ta wannan fuska dai dabarar ta yi aiki.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara, an faɗa gidan zago.